Riƙon Yaro Tsakanin Illela da Kwanni: Wace Kotu ke da Hurumi?

A fiƙihun Malikiyya hukuncin riƙon yaro ba ya zama na dindindin. Uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, amma haƙƙin yana faɗuwa idan uwar ta yi wani auren ta tare, ko amana ta yi rauni, ko aka yi ƙaura mai nisa. Saboda haka komawa gaban alƙali a sauya hukunci abu ne na yau da kullum. Matsalar garin iyaka irin Illela ita ce gaban wane alƙali za a koma.

A ɗauka kotun Shari'a ta Illela ta bar wa uwa ɗanta. Ranar Lahadi, ana cin kasuwa, uban ya zo a kan babur ya ce zai kai yaron Kwanni, a Nijar, ya gaida kakarsa. Mako ya wuce, wata ya wuce. Uwar ta koma kotu da takardar hukunci a ƙulle cikin gyale: "Allah gafarta Malam, ba a dawo mini da shi ba." Sammacin alƙali ba ya ƙetare shingen kwastan. Dokar Najeriya ta zartar da hukuncin ƙasashen waje, ta 1961, kuɗi kawai ta sani. Yarjejeniyar Hague ta 1980 kan mayar da yaran da aka gudu da su kuwa, Najeriya da Nijar duk ba sa ciki, alhali Burkina Faso ta shiga tun 1992.

Can Kwanni wata ƙa'idar uwar za ta tarar. Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Daftarin 1993 ya mutu saboda adawar ƙungiyoyin addini. Kotu tana hukunci ne da al'adar masu shari'a, da taimakon masana al'ada, kuma al'adar ta fi karkata ga ba uba ɗansa idan ya kai kimanin shekara bakwai. Wannan bambanci shi ke sa uba ya ga ribar tsallakawa.

Abin da ba a cika lura da shi ba, malaman fiƙihu nisa suka auna, ba iyakar sarauta ba. Mukhtasar na Khalil ya ɗaure sauyin reno da tafiyar zama, ba ta fatauci ba, mai nisan baridi shida, wato mil 72, da sharaɗin hanya da garin su kasance da aminci. Kwanni ba ta kai ko baridi ɗaya daga Illela ba. A ma'aunin Khalil, wanda ya koma Kwanni bai yi ƙaura ba, wanda ya koma Kano kuwa ya yi. Layin da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1906 ya juya lissafin, har kusa ta zama waje. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 sun ƙara tsananta abin, ko da yake barauniyar hanya ba ta taɓa rufuwa ba.

Amurka ta warware irin wannan tsakanin jihohinta da dokar bai-ɗaya ta 1997: hurumi na jihar da yaro ya zauna wata shida ne, kuma kotun da ta fara hukunci ita ke da ikon sauya shi muddin yaron ko ɗaya daga iyayen na zaune a can. A ganina wannan rabin na biyu shi ya fi dacewa da mu. Idan aka ce hurumi yana bin duk inda yaro ya kwana, an saka wa mai ɗauke shi ke nan. Kotun da ta fara yanke hukunci ta riƙe ikon sauyawa, sai in an yi ƙaura ta gaskiya bisa ma'aunin fiƙihu, wanda malaman ɓangarorin biyu suka karanta a littafi ɗaya. Ficewar Nijar daga ECOWAS a 2025 ta sa ba za a jira mafita daga can ba. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai, ita ce wurin da ya kamata gwamnatin Sakkwato, inda Illela take, da hukumomin Tawa, inda Kwanni take, su kai wannan batu.