Daga Ɗakin Kaka zuwa Ɗakin Awo: Tarihin Jego da Reno a Namtari da Kewayen Yola

Namtari, wadda a yau take ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, tana cikin garuruwan noma da kiwo da ke kewaye da Yola, birnin da Modibbo Adama ya kafa a 1841 ya mai da shi cibiyar masarautar Fombina. Al'adun haihuwa da reno na wannan yanki gauraye suke, domin akwai na Fulani, akwai na Bata da Verre da aka tarar a ƙasar, akwai kuma na Hausawa fatake da malamai waɗanda ciniki ya kawo su bakin Binuwai har suka yi zaune, amma dukkansu sun haɗu a kan abu guda, wato ba a taɓa ɗaukar reno a matsayin aikin mace ɗaya ba.

Tun cikin fari yana wata bakwai ake mayar da yarinya gidan iyayenta, abin da ake kira goyon ciki, don ta haihu a gaban mahaifiyarta ko goggonta. Ungozoma, tsohuwar da ta gaji karɓar haihuwa, ita ke yanke cibi ta binne mabiyiya, sannan a shiga jego, kwana arba'in ɗin da mai haihuwa take yi ba ta daka, ba ta niƙa, ba ta zuwa rafi. Safe da yamma ake tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, tsohuwa ta tsoma damin ganye ta riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki har tururi ya cika makewayi. A da ganyen runhu ko na sabara ake samu, darbejiyar da aka sani yanzu kuwa baƙuwa ce, don sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Bayan wanka sai kunun kanwa mai zafi da yaji, da gasasshen nama, da ƙauri, wato farfesun ƙafafun sa da ake dafawa a raba wa dangi kafin suna. Dalilin duk wannan shi ne imanin cewa haihuwa tana barin jiki ɗanye, kuma in sanyi ya shige shi ba ya fita.

Wannan imani bai rasa illa ba. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau, mai zuwa da kumburin jiki da haki, suka danganta yawansa da gishirin kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Haka nan dakashi, nonon farko mai kauri da kalar rawaya, a wurare da dama matse shi ake yi a zubar bisa zaton gurɓatacce ne, alhali shi ne ke ɗauke da garkuwar farko da jariri yake samu. Duk da haka rashin adalci ne a yi wa jego kuɗin goro, domin a cikinsa akwai hutu na sati shida, da abinci mai gina jiki, da hannaye masu karɓar jariri in ya hana barci, kuma waɗannan likitancin zamani bai zo da abin da ya fi su ba.

Ran suna, kwana bakwai da haihuwa, ake yanka rago, wanzami ya yi aski, mata su cika gida da kayan barka. Abin lura shi ne uwar ɗan fari ita ce mafi ƙarancin nuna murna a ranar, saboda kunya, wadda a tsakanin Fulani take cikin ginshiƙan pulaku, wato ɗabi'ar kamun kai da suke tinƙaho da ita: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wani lokaci ma sai an matsa mata take ba shi nono a idon mutane. Murnar da aka hana uwa kaka ce ke yin ta a fili, ita ke kiran jikanta maigida tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba, ita ke shelanta wa maƙwabta ranar da ya fara zama, da ranar da haƙori ya tsaga, da ranar da ya saki bango ya yi tata. Uwa kuwa daɗinta a goyo yake, in ta sunkuya ta ɗora yaro a baya, ta ja zane ta soke, ta ɗaure da majanyi, ta ci gaba da surfe yana barci da motsin taɓarya. Idan aiki ya yi yawa sai adda, babbar yayarsa, ko wata 'yar dangi da aka kawo musamman don reno, ta karɓe shi.

Yaye yakan zo tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, gwargwadon iyakar da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, kuma a nan ma kaka ake kai wa yaro ya yi kwanaki yana shan kunun gyaɗa da kindirmo har ya manta da nono. Macen da ta yi ciki tana shayarwa, abin da ake kira kwanika, gori take sha, kuma wannan gori shi ne ya tsare tazarar haihuwa tun kafin a san wani magani. Daga yaye wani yaron ba ya komawa ɗakin uwarsa, sai a ba wata 'yar'uwa riƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta buga tarihin rayuwarta a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'ya ta aurar.

Babbar jarrabawar uwa a zamanin da mutuwar yara ce. Ƙyanda da agana da zazzaɓin damina da gudawa sukan ɗauke yaro bayan an sha wahalar yaye, har aka sami mace mai wabi, wadda 'ya'yanta ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, tana laƙaba wa na gaba suna irin su Ajuji don a nuna kamar ba a damu da shi ba. Maganin Turawa ya shigo yankin ta hannun mishan, da zuwan Dokta Niels Brønnum Numan a 1913 da kafa mishan ta Garkida a 1923, sai dai ya daɗe bai ratsa gidajen Musulmin karkara ba. Canjin gaske ya zo ne da shirin rigakafi na ƙasa da aka sake ƙaddamarwa a 1984, da kuma zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wanda ya yaɗa ƙananan asibitocin matakin farko da ruwan gishiri da sukari. Daga nan katin awo ya shiga jakar uwa, maganar malamar asibiti ta fara karo da ta kaka, musamman bayan 2001 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida, ba ko ruwa, shawarar da tsofaffi ke ganin zalunci ce a garin da zafin Maris da Afrilu yake kamar na Yola.

Shekarar 1976 ta taɓa reno ta fuska biyu: Yola ta zama babban birnin jihar Gongola, ma'aikata suka cika gidajen haya a Jimeta nesa da iyayensu, sannan shirin ilimin firamare kyauta ya soma ɗauke 'yar reno daga tsakar gida zuwa aji. Matan da rikicin Boko Haram ya koro daga Mubi da Michika da Madagali a 2014, waɗanda wasunsu suka sauka a sansanin Malkohi, da yawa sun yi jego ba uwa ba goggo a kusa. A Namtari da ire-irenta gidan gandu bai watse ba tukuna, don haka sulhu ake yi: a haihu a asibiti ko a kira ungozomar da aka horar, a sirka ruwan wanka, a rage kanwa a kunu, kwana arba'in ɗin kuma tsadar itace da komawa aiki ko kasuwa sukan taƙaita shi a gidaje da dama.