Asalin Kalma: Dinari

Dinarin da malamai ke ambata a nisabin zakka, sunansa daga Rum ya fito. Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, Romawa suka fara buga wata tsabar azurfa mai suna denarius, wato "mai goma", don daidai take da kwabban tagulla 10. Shi ya sa aka buga alamar X a bayan kan Roma, wata mace da ke wakiltar birnin Rum, sanye da hular yaƙi mai fukafukai. Ɗaya fuskar ta fi burge ni: tagwaye bisa dawaki a sukwane, kowanne da mashinsa, duk a fili kamar farcen babban yatsa.

Ta hanyar Girkanci kalmar ta shiga Larabci, ta zama sunan kuɗin zinariya. Ita kanta "zinariya" tamu, masana harshe sun ce daga dinari ta samo asali.