Gatari ya riga fari zuwa gonakin Maraɗi

Duk wanda ya tambayi abin da ya kashe gonakin Maraɗi da Damagaram a shekarun 1970 da 1980, amsar farko da zai ji ita ce fari. An yi fari kam, daga 1968 zuwa 1974, sannan ga na 1984. Sai dai ko da ya zo, ya tarar gatari ya riga ya raunana ƙasar. Manomin dā ma yana sassabe, amma nasa na da iyaka: ya sare sabara da kalgo ya bar kututture, ya ƙyale gawo a tsaye, in gona ta gaji ya bar ta saura ta huta. Har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya ɗora, a ƙarni na 19, kan mai saran gawo.

Jigawar wannan yanki rairayi ce, ruɓaɓɓen ganye da saiwar da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke riƙe danshi, yake dunƙule rairayin, yake hana ruwa wanke abincin shuka, kuma itatuwa ne ke sabunta shi kowace shekara. Gawo na zubar da ganyensa da faɗuwar damina, daidai lokacin da hatsi ke son taki da rana. Da rani kuma ya yi ganye shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu nan. A gindin sabara kuwa, ƙurar hunturu da busasshen ganye kan taru har su yi ɗan tudu, gara ta yi ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar nitsewa. Wannan tsari ne mulkin Faransa ya birkita ta fuska biyu. Haraji ya tura mutane noman gyaɗa, gonaki suka faɗaɗa, saura ta ɓace. Dokar daji ta 1935 kuma ta sa irin su gawo a hannun gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum yake, har ya zama tsiron da ka bari ya girma tara zai jawo maka ran da ka taɓa shi. Wa zai raini abin da ba nasa ba? Malaman gona suka ƙara da koyar da tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Da gona ta zama fes, sai iskar farkon damina ta riƙa binne tsiron hatsi, a sake shuka sau biyu ko uku, inda ƙasar ke da ɗan tauri kuma ta daskare ta koma faƙo.

Wani zai ce ai ƙona sassabe taki ne. Toka na ƙara wa gona ƙarfi, amma na damina ɗaya ko biyu, naitirojin ɗin da ke ganyen kuwa ya bi hayaƙi. Wani kuma zai ɗora laifin kan yawan jama'a, alhali karkarar Kano ta fi cunkoso nesa ba kusa ba, ga ta nan da ɗorawa da kukarta cikin gonaki. Hujjar masu musu da ta fi nauyi ita ce ruwan sama ne ya dawo, shi ya sa ƙasar ta farfaɗo daga baya. Ya taimaka, amma ruwa ba ya hana gatari. Daga 1983, lokacin da wani mai suna Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka fara rainon tohon tsofaffin kututture, abin da ake kira sassabin zamani, kuma aka sassauta ikon gwamnati kan itatuwa, an sami itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da dasa su ba. Itace kaɗai ba zai cike ƙarancin fosfaras da ke addabar wannan ƙasa ba, dole a haɗa da taki. Amma zuba taki a gonar da babu abin da zai tare iska ko riƙe danshi asarar kuɗi ce.