Tarihin Makon Nan: Yadda Firinta Ta Samu Adireshi Na Dindindin



Da yawanmu mun taɓa kai rubutu shagon kwamfuta, aka ce mana tun da aka dawo da wuta kwamfuta ta daina ganin firinta. Sau da yawa adireshin firintar ne ya canza, kuma wannan matsala tana da tarihi.

A 1985 Bill Croft na jami'ar Stanford da John Gilmore suka fitar da tsarin BOOTP. Mai kula da kwamfutoci ne ke rubuta jadawali da hannu: lambar MAC da kowace na'ura ta zo da ita daga masana'anta, gefe kuma adireshin IP ɗinta. Da na'urori suka yawaita, aikin ya gagari hannu.

A Oktoban 1993 Ralph Droms na jami'ar Bucknell a Amurka ya wallafa DHCP, aka sabunta shi a 1997. Abin da ya kawo shi ne haya: a ba na'ura adireshi na ɗan lokaci, in ta tafi a ba wata. Sai dai bai jefar da tsohon jadawalin ba. Shi ne muke gani yau a cikin rauta, wurin da ake keɓe wa na'ura adireshi ɗaya.

Daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi sun koma ɓoye lambarsu ta asali don kare sirri. Firinta kuwa ba ta ɓoye tata. Mu keɓe mata adireshi a rauta, mu huta da nemanta duk lokacin da wuta ta dawo.