Tantance Ƙananan Macizai a Tsakar Gida: Nazari a kan Maikujera da Kewayenta a Gabashin Jihar Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alamomin da ake dogaro da su wajen gane ƙaramin maciji idan ya ɓulla a tsakar gida a ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, ta kuma nuna cewa ƙanƙantar jiki ba shaidar rashin dafi ba ce, domin macijin da ya fi kowane kisa a Arewacin Nijeriya yana cikin ƙanana.

Gabatarwa

Maikujera, wadda ke ƙaramar hukumar Rabah, tana cikin yankin da tudun gero da fadama suka haɗu, kuma tun bayan kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarar 1984 noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa ya ƙara yalwa a kewayen. Hatsin da ake tarawa a rumbu da rufewa yana jawo ɓeraye, danshin gindin randa yana jawo kwaɗi, su kuma macizai abincinsu suke bi, shi ya sa aka fi cin karo da su a ƙarƙashin dammunan gero da tarin kara da cikin akurkin kaji, musamman a farkon damina da lokacin girbi.

Kububuwa da mai kwaikwayonta

Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, masana kuma ke sanya ta cikin jinsin Echis, ba kasafai take wuce santimita 60 ba. Kanta yana da faɗi, ya fita daban daga siririn wuya, wutsiyarta gajera ce, launinta ƙasa-ƙasa ne mai ɗigon fari a gadon baya da gefuna, ɓawon fatarta kuma yana da kaushi. Idan aka matsa mata takan naɗe jikinta ta riƙa goga shi da juna, sai a ji wata ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi, kuma daga wannan naɗi take kai sara. Iri biyu ne aka sani a wannan shiyya, wato Echis ocellatus mai ɗigo-ɗigo a ciki, da Echis leucogaster mai farin ciki tas wanda ya fi son busasshiyar ƙasa, sai dai bambancin ba ya amfanar mai gida, tun da ba a ganin cikin maciji sai an birkice shi.

Abin da ya rikita lamarin shi ne macijin nan mai haɗiyar ƙwan tsuntsaye, Dasypeltis, wanda ba shi da dafi, kusan ma ba shi da haƙora, amma yana da zane irin na kububuwa, yana naɗewa yana fitar da ƙara irin tata. Ana rarrabe su ne ta kai da wutsiya, domin kansa ƙarami ne da bai fi wuyansa faɗi sosai ba, wutsiyarsa kuma ta fi tsawo. Ƙa'idar da ake yawan maimaitawa, cewa maciji mai ƙwayar ido a tsaye shi ne mai dafi, ba ta da makama a nan: wannan marar dafin ƙwayar idonsa a tsaye take, kumurci mai tsartuwa kuwa tasa zagayayya ce.

Baƙaƙen ƙanana da 'ya'yan manya

Bayan ruwan sama akan ga wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da ƙananan idanu, wanda tsinin wutsiyarsa ya yi kama da ƙaya. Wannan shi ne Atractaspis, mazaunin cikin ƙasa, wanda ake ɗauka wani makahon maciji ne marar cutarwa, alhali yana da dafi. Yana iya fito da fiƙa ɗaya ta gefen baki ya soki yatsa ba tare da ya buɗe bakin ba, don haka riƙe shi ta bayan kai, dabarar da masu kamun maciji suka saba da ita, ba ta hana sara. 'Ya'yan kasa ma, waɗanda ake haifa da rai, da dafinsu suke zuwa duniya. Macijin gida mai santsin jiki da fararen layuka a gefen kai, Boaedon, shi kam ɓeraye yake ci, kashe shi hasara ce ga mai rumbu.

Iyakar gani da ido

Dafin kububuwa yana cinye sinadaran da ke sa jini daskarewa, ta yadda wanda aka sara zai iya yini yana tafiya da ƙafarsa kafin jini ya fara fita ta dasashi. Binciken da David Warrell da abokan aikinsa suka gudanar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 ya kafa gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini mililita 2 a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a bar shi minti 20, a karkata, idan ya kwarara bai daskare ba, dafin ya shiga jini, sai a ba da maganin dafi irin su EchiTAb, waɗanda aka tanada domin macizan Nijeriya. Kwalbar roba ba ta ba da sakamakon da za a amince da shi. Wannan gwaji ya fi duk wani siffantawa da baki ƙarfi, domin tsoro da duhu sukan gurɓata abin da mutum ya gani, sunayen macizai kuma sukan sauya daga gari zuwa gari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a shekarar 2017, kuma ba ta amince da ɗaure gaɓa tamau ko tsaga wurin saran ko ɗora baƙin dutse ba. Hoton da aka ɗauka da waya daga nesa yana taimakawa wajen tantancewa, ba sai an kama macijin ba. Hukuncin wannan nazari shi ne, duk ƙaramin maciji mai zane da aka gani a tsakar gida a wannan yanki a ɗauke shi kububuwa har sai an tabbatar da akasin haka, wanda aka sara kuma a kai shi asibiti nan take ko da bai ji komai ba.