Wa Ke Yanke Hukunci Idan Ka Danna? Tarihin "Auto" A Kan Kyamara



Duk wanda ya sayi sabuwar kyamara zai ga wani ɗan faifai a samanta da ake murɗawa, kewaye da haruffa da 'yan zane-zane: P, A, S, M, ga kan mutum, ga tsauni, ga fure, ga mai gudu, sannan ga wani wuri, yawanci kore, da aka rubuta Auto. Sabon shiga kan ajiye faifan a kan koren nan, sai ya ji tsofaffin hannu suna cewa wai mai ɗauka da Auto ɗan dannau ne kawai. Kunya kan sa wasu su murɗa zuwa M tun ba su san komai ba, su je bikin 'yar uwa su dawo da hotuna baƙi ƙirin ko fari fat. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi don mai hoto ya gyara.

Koren nan yana da tarihi na fiye da shekara ɗari. Wanda ya san tarihin zai daina jin kunyar amfani da shi, kuma zai gane inda bai kamata ya sakar masa ragama ba.

Kafin a samu hoto mai kyau, dole a amsa tambayoyi uku. Haske nawa za a bari ya shiga? A kan me za a saita idon kyamara don ya fito tar, kada ya yi dishi-dishi? Sannan mene ne ma ake ɗauka, fuska ce, ko doki a guje, ko gari daga nesa? Tarihin Auto labari ne na yadda aka riƙa karɓe tambayoyin nan daga hannun mutum ɗaya bayan ɗaya ana miƙa wa na'ura.

A farkon al'amari mai hoto shi ne komai. Hoton da ya fi kowanne tsufa cikin waɗanda aka ɗauka da kyamara kuma suka tsira har yau, wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen 1826 zuwa 1827, kuma sai da ya bar kyamarar a buɗe na aƙalla sa'a takwas. A 1839 aka bayyana dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, wadda ta rage lokacin zuwa mintoci. Duk da haka, a ɗakunan hoto na zamanin akan kafa wa mutum wani ƙarfe a ƙeya ya tallafe kansa don kada ya motsa. Daga 1851 aka koma shafa wa gilashi magani, a ɗauki hoton a kuma wanke shi tun maganin bai bushe ba. Saboda haka mai hoto kan yi yawo da tantinsa mai duhu da kwalaben magunguna. Sana'a ce ta masu haƙuri da ilimin haɗa sinadarai.

George Eastman na garin Rochester a Amurka ne ya fara sauke wa mutane wannan kaya. A 1888 ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. Idan fim ya ƙare, sai ka aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa kamfani, a wanke hotunan, a sa sabon fim a dawo maka da ita. Tallarsa ta ce kai dai ka danna, sauran aikin nasu ne. Sai dai akwatin Eastman ba ya auna komai. An kafe masa saiti ɗaya ne wanda ya dace da hasken rana, aka cire duk abin da za a murɗa. Idan rana ta yi kyau hoto ya yi, idan hadari ya haɗu sai haƙuri.

A 1900 kamfanin ya fito da Brownie a kan dala ɗaya tak, har yara suka shiga ɗaukar hoto. Masu raina kyamara mai sauƙi su lura da wannan: Seydou Keïta na Bamako, wanda yau ake rataye hotunansa a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, da Brownie ya fara, wadda kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. Sai a 1948 ya buɗe ɗakin hotonsa. Da akwatin da ba shi da abin murɗawa ya fara koyon inda ake tsayar da mutum da inda haske ke sauka.

Tambaya ta farko da na'ura ta fara amsawa da kanta ita ce ta haske. Abubuwa biyu ne ke iyakance hasken da ke shiga kyamara: faɗin ƙofar da ke cikin gilashinta, da kuma tsawon lokacin da ƙyauren ƙofar zai zauna a buɗe. A shekarun 1930 aka fara sayar da ma'aunin haske na hannu mai aiki da sinadarin selenium, wanda ke ba da 'yar wutar lantarki idan haske ya taɓa shi. A 1938 Kodak ta ɗora irin wannan ma'auni a jikin kyamarar Super Six-20. Mai hoto ya zaɓi saurin ƙyaure, ita kuma ta daidaita faɗin ƙofa da kanta. Kuɗinta dala 225 ne, tsada mai yawa a lokacin, ga yawan lalacewa, kuma waɗanda aka ƙera ba su kai dubu ba. Sai a 1959 kamfanin Agfa na Jamus ya ci nasara da kyamarar Optima, wadda ke zaɓar ƙofa da sauri duka biyu, ta nuna maka alama kore idan haske ya isa, ja idan bai isa ba.

Daga nan ragama ta koma hannun kamfanonin Japan. A 1976 Canon ta fito da AE-1 mai 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta a ciki, aka sayar da miliyoyi. A 1977 Minolta ta fito da XD-7, wadda ta ba mai hoto damar ya riƙe ƙofa ya bar mata sauri, ko ya riƙe sauri ya bar mata ƙofa. A 1978 Canon A-1 ta ƙara da tsarin da kyamara ke riƙe duka biyun. Asalin haruffan da ke kan faifanka ke nan. A, ko Av a Canon, kai ke zaɓar ƙofa. S, ko Tv, kai ke zaɓar sauri. P kyamara ce ke zaɓar biyun amma ta bar maka sauran gyare-gyare. M kuwa komai a hannunka yake, kamar zamanin da.

Tambaya ta biyu, ta saita ido, ta ɗauki lokaci fiye da ta farko. A 1977 Konica C35 AF ta zama kyamara ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa wadda ke saita idonta da kanta, da dabarar da kamfanin Honeywell na Amurka ya ƙirƙiro. A 1985 Minolta 7000 ta shigo da abin cikin manyan kyamarori masu canjin gilashi, da injin saitin a cikin jikinta. Ta yi kasuwa ƙwarai, amma Honeywell ta kai ƙara cewa an yi amfani da fasaharta ba izini, kuma a 1992 Minolta ta amince ta biya fiye da dala miliyan 127. Wannan kuɗi kaɗai ya isa ya nuna darajar abin da yau muke samu da rabin dannawa.

Tambaya ta uku ce mai wuya, domin ma'auni na iya auna haske amma bai san abin da ke gabansa ba. A 1983 Nikon FA ta fara raba hoto kashi biyar, ta auna kowane kashi daban, ta kwatanta su don ta yi hasashen irin wurin. A 1988 Minolta ta fito da wasu 'yan katuna da ake zura wa kyamarar 7000i, wannan na hoton mutum, wancan na wasanni. Canon kuma a daidai wannan zamani ta fara sanya irin waɗannan zaɓuɓɓuka a jikin kyamarorinta na EOS, har suka zama 'yan zane-zanen da muka sani. Kowane zane saƙo ne kake ba kyamara. Kan mutum na sa ta buɗe ƙofa sosai don fuska ta fito bayan ya dusashe. Tsauni na sa ta tsuke ƙofa don na kusa da na nesa duk su fito. Mai gudu na sa ta rufe ƙyaure da sauri ƙwarai, yadda dokin da ke sukuwa ranar hawan Sallah zai tsaya cak a hoto. Fure kuwa na ƙananan abubuwa ne da ake matsawa kusa da su.

Zuwan kyamarar dijital ya ƙara wa Auto aiki. Ta farko wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa ta a 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, kuma takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Da dijital ta bunƙasa, abubuwan da a da sai an canza fim ake canza su suka koma hannun kyamara: ƙarfin jin haske, wato ISO, da daidaita launi tsakanin hasken rana da na ƙwan lantarki. A 2005 Nikon ta fito da ƙananan kyamarorin Coolpix masu neman fuska su saita ido a kanta. A 2007 Panasonic ta fito da tsarin iA, inda kyamara ke zaɓar wa kanta ko wurin na fuska ne, ko na dare, ko na nesa. A nan tambaya ta uku ita ma ta bar hannun mutum.

To, ina matsalar take? Duk hukuncin da na'ura ta yanke a kan zato aka gina shi, kuma wani ne ya zauna ya zaɓa mata zaton. Ma'aunin hasken kyamara an koya masa cewa idan aka gauraye duk abin da ke cikin hoto, matsakaicin launi zai bayar, ruwan toka-toka. A yawancin wurare zaton na yin daidai. Amma ka tsayar da dattijo baƙin mutum cikin farar babbar riga da farin rawani a filin Idi da hantsi. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta mayar da shi toka-toka. Riga ta dusashe, fuska kuma ta nutse cikin duhu. Haka ke faruwa idan amarya ta tsaya taga na bayanta.

Wannan batu na fatar baƙin mutum ya daɗe. Tun shekarun 1950 Kodak ke raba wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, don su daidaita launin injinansu da shi. Fatar Bature ce ma'auni. Binciken Lorna Roth, malama a wata jami'ar Montreal da ke Kanada, ya nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim don ya fito da launuka masu duhu har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hotunan talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ke ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Har yau ana kan gyara. Kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, Google kuma a 2021 ta fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 saboda wannan dalili.

Abin da sabon shiga zai ɗauka daga tarihin nan a fili yake. Ka fara da Auto ba tare da jin nauyin kowa ba, ka bar hankalinka ya koma kan abin da na'ura ba ta iya ba: inda za ka tsaya, abin da zai shiga hoto da abin da za ka bari a waje, da lokacin da ya dace ka danna. Bayan kowane hoto ka duba lambobin da kyamara ta zaɓa, domin tana ajiye su, kuma malami ne kyauta. Idan ido ya fara buɗewa ka koma P, ka nemi maɓallin da aka zana wa +/-, wanda yawancin kyamarori ke kullewa a kan cikakken Auto. Ranar fararen kaya ka ƙara zuwa +1 ka duba fuskar. Idan bayan mutum duhu ne kuma fuskarsa ta yi fari fiye da kima, ka rage. Idan rana na bayansa, ka kunna fitilar kyamara ko da tsakar rana ce, ko ka juya shi ya fuskanci haske. Daga nan sai A da S, kowanne ranar da ka san abin da kake nema da shi. M na nan tana jira, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Aikin wannan mako: a samu mutum cikin farin kaya a waje, a ɗauke shi sau ɗaya a kan Auto, sau ɗaya a kan P da +1, a ajiye hotunan biyu gefe da gefe a dubi fuskar. Wanda yake da waya kawai, ya taɓa fuskar a kan allo kafin ya danna, ya ja alamar haske sama kaɗan.