Kirsimeti ba buhun shinkafa: daga Amanawa zuwa zamanin Shagari

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, kuma a kan bikin maƙwabtanmu take.

Wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Jega ranar 25 ga Disamba, ya ratsa Bodinga ya wuce Shagari, da wuya ya gane ana wani biki. Kiristocin waɗannan garuruwa 'yan kaɗan ne, galibinsu aiki ya kawo su: malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, masu yi wa ƙasa hidima da 'yan kasuwa. Da yawa sukan tafi gida a ƙarshen shekara. Masu zama, sau da yawa matasan ma'aurata ne masu goyo, waɗanda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Su je coci da safe, a yanka kaza, a aika wa maƙwabta abinci, shi ke nan. Wasu na ganin wannan ragaggen biki ne. Ni a ganina shi ne na asali a ƙasar nan, mai buhun shinkafa da sabon leshi shi ne baƙo.

Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe musu ita ce jinyar kutare. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da sansanonin kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa, wadda yanzu ke ƙaramar hukumar Dange Shuni, maƙwabciyar Bodinga. Ku duba wurin da aka yi wasu daga cikin Kirsimetin farko na yankinmu: tsakiyar marasa lafiya, cikin sanyin hunturu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bai daɗe da fitowa ba, tun da a 1932 aka buga shi cikakke. Katolika sun zo da nasu tsarin daga baya ta hannun limaman Dominikan na Amurka, Sakkwato ta zama dayosis a 1964. Babbar majami'arsu ma sunanta Iyali Mai Tsarki, wato uwa da jariri da mai riƙonsu, ba taro ba.

Kuɗin man fetur ne ya sauya fuskar biki, na Kirsimeti da na Sallah duka. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da bashin watanni, kasuwa ta cika da kayan waje, shinkafa 'yar gwamnati ta ture ta gida a tukunyar biki. Cikin 'yan shekaru ma'aikaci ya saba da cewa Disamba sai da buhu, da katan na lemo, da ɗinkin kowa a gida.

Abin bai jima ba, kuma a hannun ɗan wannan yanki ya karye. Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta da aka haifa a garin Shagari a 1925, ya hau mulki a 1979 mai na tsada. Kafin shekara uku kasuwar ta faɗi. A Afrilun 1982 ya sa hannu kan dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. Madara, sukari, sabulu da shinkafa suka yi wuya, albashi ya riƙa makara a jihohi da dama, ga kwamitin shinkafa na Umaru Dikko da ya zama abin tsegumi. Damina ta 1983 kuma ta zo da fari. Kirsimetin shekarar, ƙaramin ma'aikaci mai mata da yara biyu ya koma inda na Amanawa suka fara, ba don ya zaɓa ba. Kwana shida bayan bikin, ranar 31 ga Disamba, sojoji suka kifar da gwamnatin. (Shagari kansa a irin wannan mako ya rasu, 28 ga Disamba 2018, washegari aka binne shi a garinsu.)

Abin da nake so mu lura da shi a matsayinmu na masu rubutu: littattafanmu sun cika da shagalin Sallah da na aure, amma ɗakin haya na malamin nan ɗan Zuru, wanda har 1991 ɗan Jihar Sakkwato ne kamar kowa, da matarsa tana lissafin ko kaza ko takalmin yaro, ba kasafai muke leƙa shi ba. Alhali lissafin nan shi ne dai wanda iyayenmu ke yi daren Sallah.

Tarihin ya sake zagayowa bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. A Disambar shekarar gwamnatin tarayya ta rage rabin kuɗin manyan motocin safa a wasu hanyoyi, ta ce jirgin ƙasa kyauta ne. Mazaunin Bodinga ko Shagari bai ga na jirgin ba, domin layin dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya.